Ɗinka Wa Kanka: Harhaɗa curl da Sabuwar Ƙa'idar HTTP/3

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau daga nan Unguwar Kanawa zan ɗauko zancen, daga ƙofar gidana ma, domin a nan abin ya same ni.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, ɗan maƙwabcina ya yi sallama riƙe da kwamfutarsa ta cinya. Ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta. Ya ce, "Baba, duba min wannan. Na ba ta umarni ta ɗauko min shafi da HTTP/3, ta ce laburaren da ke cikinta bai san wannan ba. Ko lalacewa ta yi?" Na duba, na ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau. Rigar kanti aka saka mata, kai kuma kana neman aljihun da telan bai ɗinka ba." Ubuntu 22.04 ce a kan kwamfutar, kuma curl ɗin da ke zuwa da ita lamba 7.81 ne, an harhaɗa shi ba tare da wannan sabuwar ƙa'ida ba. Dare uku muka yi a kan tabarma kafin ya ɗinka nasa. Abin da muka yi a dararen nan shi nake so in ba ku, musamman samari da 'yan matan da ke koyon wannan sana'a a KASU da Kaduna Polytechnic da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da waɗanda ke koyo da kansu a ɗaki. Iyaye ma kada ku kashe rediyo, akwai rabonku a ciki.

Mu fara da curl. Ƙaramar manhaja ce da aikinta ɗaya: ka ba ta adireshi a intanet, ta je ta ɗauko abin da ke can, ko ta kai saƙo. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Daniel Stenberg, shi ke jagorantar ta. A ƙarshen 1996 yana neman hanyar da zai riƙa ɗauko farashin canjin kuɗi kullum daga intanet, sai ya samu wata 'yar manhaja da wani ɗan Burazil, Rafael Sagula, ya rubuta, ya ci gaba da faɗaɗa ta. A watan Maris na 1998 ta fito da sunan curl. A shekara ta 2000 aka ware cikinta aka mai da shi laburare mai suna libcurl. Idan masu manhaja suka ce laburare, ba ɗakin littattafai suke nufi ba. Kayan aiki ne da wani ya riga ya ƙera, sauran manhajoji suna ara, kamar injin niƙan unguwa da ya hutar da kowane gida sayen nasa. Yau libcurl na cikin wayoyi da motoci da talabijin da kwamfutocin Windows da na Apple, kuma shi Stenberg ya ƙiyasta cewa na'urori da manhajojin da ke ɗauke da shi sun haura biliyan 20. Da wuya a ce wayar da ke aljihunka ba ta da shi.

To mene ne HTTP/3, kuma me ya sa ni, mutumin Unguwar Kanawa, na damu da ita?

Idan wayarka za ta buɗe shafi, ba kai tsaye take cewa "ba ni" ba. Tun 1981 akwai ƙa'idar da ake kira TCP, wadda ta ce sai an yi sallama an amsa. Bayan nan wata ƙa'idar, TLS, ta ce sai an daidaita a kan makullin da za a kulle zancen da shi, don kada na hanya ya ji. Sai a zuwa na uku ne ake faɗin abin da ya kawo mutum. Mu mun san darajar gaisuwa, amma ku tuna inda ake aika ta. Sau da yawa uwar garken da ke riƙe da shafin tana Legas, ko ma tana Turai ko Amurka, sai saƙo ya gangara daga Kaduna zuwa bakin teku, ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022. A ce zuwa da dawowa ɗaya yana cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Kafin harafin farko ya bayyana a allonka an yi sawu uku, fiye da rabin daƙiƙa ke nan ya tafi. Wanda ke zaune kusa da uwar garken ba ya jin wannan. Mu ne muke ji.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. TCP tana yayyanka saƙo ƙulli-ƙulli, kuma ta yi alkawarin miƙa su a jere, ba tsallake. HTTP/2 da aka tabbatar a 2015 ta zo da dabarar zuba hoto da rubutu da bidiyo duk a hanya ɗaya. Dabara ce mai kyau idan sabis lafiyayye ne. Amma idan ƙulli ɗaya ya ɓace a iska, duk na bayansa sai su tsaya cik, ko da sun riga sun iso, har sai an sake aiko da wanda ya ɓace. Ku tuna layin gidan mai lokacin wahalar fetur: mota ɗaya ta mutu a bakin famfo, mota hamsin na bayanta lafiyarsu lau amma ba mai motsi. Duk wanda ya taɓa zama a keke-napep daga gadar Kawo, ya biyo titin Ali Akilu zuwa Kasuwar Sheikh Gumi yana ƙoƙarin tura kuɗi, wayarsa na sauya turken sadarwa tana faɗowa daga 4G zuwa 3G, ya san wannan tsayuwar, ko da bai san sunanta ba.

Wani injiniya a Google, Jim Roskind, ya fara aiki a 2012 kan wata sabuwar hanya da aka kira QUIC. Daga baya ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta karɓi aikin ta sake masa fasali, ta fitar da shi a watan Mayu na 2021 a takarda mai lamba RFC 9000. HTTP/3, wadda ke hawa kan QUIC, ta biyo baya a watan Yuni na 2022. QUIC ta haɗe sallama da zancen makulli a sawu ɗaya. Ta kuma ba kowane kaya layinsa, idan ƙullin hoto ya ɓace, hoton kaɗai ke jira, rubutu ya wuce abinsa. Sannan ba da adireshin wayarka take gane ka ba, da wata lamba ta musamman take gane ka, don haka ƙa'idar ta ba da damar ka bar Wi-Fi na ofis ka koma kan data zancen bai yanke ba, idan manhajar da kake amfani da ita ta iya wannan.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan zancen harhaɗawa ya shigo. TCP a cikin zuciyar kwamfuta take zaune, duk manhajar da ta zo ta tarar da ita. QUIC ba haka take ba. An gina ta a kan UDP, wata tsohuwar ƙa'ida ta 1980 wadda ba ta sallama ba ta alkawari, jefa wasiƙa kawai take ta wuce. Duk sauran aikin, na lissafa ƙulli da sake aikawa da kullewa, a cikin laburare ake yin sa. Ke nan samun HTTP/3 ko rashinta ya danganta da yadda aka harhaɗa laburaren da ke hannunka. Shi ya sa kwamfutar ɗan maƙwabcina ta ce ba ta sani ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na kimiyyar sadarwa, muna zancen yadda mutum zai ɗinka wa kansa curl.

Manhaja kala biyu take zuwa. Akwai wadda aka riga aka juya zuwa harshen inji, ka sauke ka yi amfani, ita ce rigar kanti. Akwai kuma asalin rubutun da mutane suka rubuta da hannunsu, na curl da harshen C aka rubuta shi, wannan shi ne yadi. Harhaɗawa ita ce ka ɗauki yadin ka ba wata manhaja, GCC ko Clang, ta mai da shi abin da inji zai iya gudanarwa. Masu curl sun saka HTTP/3 a cikin yadin tun watan Satumba na 2019, a fitowa mai lamba 7.66, shekara biyu da wani abu kafin ma a kammala ƙa'idar. Amma sun rubuta a kanta cewa ta gwaji ce. A al'adarsu, abin gwaji ba ya kunnuwa da kansa, sai mai harhaɗawa ya nema da bakinsa. Sun kuma faɗa ƙarara cewa yana iya canjawa gobe ba tare da sanarwa ba, kuma kada a ɗora masa aikin da jama'a suka dogara da shi. Sai a watan Disamba na 2023, a fitowa ta 8.5, suka cire wannan tambari daga ɗaya cikin hanyoyin, bayan fiye da shekara huɗu ana gwadawa. Ni wannan haƙurin yana burge ni, kuma ina so yaranmu su lura da shi.

Na ce ɗaya cikin hanyoyin, domin curl ba shi ke yin QUIC da kansa ba, shi ma ara yake. Akwai quiche na kamfanin Cloudflare, da harshen Rust aka rubuta shi, sai ka fara sauke kayan aikin Rust kafin ka taɓa shi, wanda nauyi ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Akwai kuma tagwaye, ngtcp2 da nghttp3, aikin wani ɗan Japan, Tatsuhiro Tsujikawa. Na farko shi ke riƙe da QUIC, na biyu HTTP/3. Su muka zaɓa, kuma su ne aka cire wa tambarin gwaji.

Abin da ya fi wahalar da mutane shekara da shekaru shi ne laburaren makulli. QUIC na buƙatar TLS 1.3, amma ta wata ƙofa ta daban da OpenSSL, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, ya daɗe bai buɗe ba. Sai kamfanonin Akamai da Microsoft suka yanko reshe daga jikinsa suka kira shi quictls, suka buɗe ƙofar a can. Wasu kuma suka koma wolfSSL ko GnuTLS ko BoringSSL. Sai a watan Afrilu na 2025, a fitowa ta 3.5, OpenSSL ya ba da hanyar da ngtcp2 zai iya bi. Saboda wannan tarihi, idan ka binciko bayani a intanet za ka tarar wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, kowanne gaskiya ya faɗa a zamaninsa. Shawarata, ka bar su duka. A cikin yadin da ka sauke akwai folda mai suna docs, a ciki akwai takarda mai suna HTTP3. Ita ce ta dace da lambar da ke hannunka, ita za ka bi.

Aikin kansa bi da bi yake. Laburaren makulli tukuna, sannan nghttp3, sannan ngtcp2, curl a ƙarshe, saboda kowanne yana neman na gabansa. Kuma kusan kowanne da umarni uku ake gama shi. Na farko configure, shi ne awo. Tela na zagaya ka da tef, shi kuma configure yana zagaya kwamfutarka yana tambaya: wane inji ne, akwai GCC, ina laburare kaza yake? A nan kake faɗin abin da kake so. Za ka rubuta jan layi biyu, sai with-ngtcp2, ka nuna masa inda ka ajiye shi, haka ma with-nghttp3, haka ma laburaren makulli. Idan ya gama yana fitar da taƙaitaccen rahoto. Karanta shi, don Allah karanta shi. Akwai layin da ke cewa HTTP3 ta kunnu ko ba ta kunnu ba. Daren farko yaron nan bai duba ba, ya wuce kai tsaye, aka gama aiki tsaf sannan muka ga babu abin da muke nema a ciki. Na biyu make, shi ne zaman keken ɗinki. Na uku make install, shi ne rataye riga a inda za ta zauna.

A kan wannan na ukun nake so in ja kunne sosai. Kwamfutarka tana da nata libcurl da nata OpenSSL, kuma manhajoji da yawa a cikinta da su suke numfashi, har da Git da wasu masu sauke sabuntawa. Idan ka ɗora naka na gwaji a kansu, kana iya wayar gari ka tarar ba ta iya sauke ko da maganin gyaran kanta. A lokacin configure akwai zaɓi mai suna prefix. Yi amfani da shi, ka nuna wata folda a cikin gidanka na kwamfuta, duk abin da ka harhaɗa ya tafi can. Idan ka yi haka ba ka buƙatar sudo, wato ikon mai gida, kuma ranar da ka gaji sai ka goge foldar, shi ke nan. Duk bayanin da ya ce ka sa sudo a gaban make install ba tare da ya gaya maka inda kayan za su sauka ba, tsaya ka yi tunani.

Dare na biyu wani abu ya ɗaure mana kai. An gama komai, rahoto ya nuna ta kunnu, amma da ya kira sabon curl ɗin sai ya ce har yanzu bai san HTTP/3 ba. Abin da ya faru, sabon curl ya tashi ya je neman laburarensa, sai kwamfuta ta miƙa masa tsohon da ta saba da shi. Maganinsa ka gaya mata inda za ta fara dubawa, ta hanyar LD_LIBRARY_PATH, ko ka dasa adireshin a jikin manhajar tun lokacin harhaɗawa. Akwai umarni mai suna ldd da ke nuna maka ainihin laburaren da aka ɗauko. Sannan ka rubuta curl, jan layi, babban harafin V. Idan ka ga HTTP3 a layin abubuwan da ya iya, rigarka ta ɗinku.

Zancen wuta kuwa, ba sai na gaya wa mutumin Kaduna ba. Laburaren makulli shi ya fi cin lokaci, yana iya shafe mintuna masu yawa a tsohuwar kwamfuta, fanka na ihu, batir na zuba, balle a zafin Maris da Afrilu. Ɗaga ta daga kan katifa ta sha iska. Idan ta mutu ana tsakiyar aiki kada ka karaya, make yana duba abin da ya riga ya gama ya ci gaba daga nan. Sai dai in mutuwar ta bar wani fayil rabi da rabi ya fara kawo kuskuren da ba ka gane ba, to rubuta make clean ka sake daga farko. Wanda ba shi da kwamfuta ma akwai Termux a wayar Android, ana samun Clang da make a cikinsa, kuma ana koyon wannan aiki a kai.

Daga ina za ka sauke yadin? Daga shafin masu shi, curl.se, ba daga filashin aboki ko wani zauren WhatsApp ba. Stenberg yana sa hannu na lantarki a kan kowace fitowa, kuma da GPG za ka iya tabbatar da cewa abin da ya iso gare ka shi ne abin da ya fito daga hannunsa. Amma sa hannu iyakarsa ke nan, bai ce maka mai hannun na kirki ne ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutarsa ta SSH ya ƙara kusan rabin daƙiƙa. Bai ce ƙila sabis ne ba. Ya bi sawu har ya gano an dasa ƙofar ɓarayi a laburaren xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako har aka amince masa, kuma a cikin rubutun harhaɗawa ya ɓoye abin da ke tayar da ita. Ku sani configure ɗin nan manhaja ce da ke gudana a kwamfutarka da ikonka. Wannan ma dalili ne na ƙin ba ta ikon mai gida. Kuma daga ranar da ka ɗinka naka, babu mai aiko maka da gyaran tsaro. Masu curl na fitar da sabo kusan duk bayan mako takwas, bibiyar wannan ta koma wuyanka.

Dare na uku shi ne ya fi min daɗi, don a nan muka fara gwaji. Gani ya kori ji. Akwai zaɓi mai suna http3, wanda in ya ga hanya ba ta ɓulle ba yake komawa tsohuwar ƙa'ida, akwai kuma http3-only, wanda ko ya ci ko ya faɗi. Na biyun ya fi amfani ga mai bincike. Akwai kuma zaɓin ƙaramin harafin w, da ke sa curl ya faɗa maka ƙa'idar da ya bi da daƙiƙoƙin da kowane mataki ya ci. Shafukan Google da Facebook da na Cloudflare duk suna amsa HTTP/3. Na ce masa kada ya gwada sau ɗaya ya yanke hukunci. Ya gwada sau ashirin da sabuwa, sau ashirin da tsohuwa, da asuba, da kuma ƙarfe tara na dare lokacin da duk unguwa ke kan waya, da wannan layi da wancan, ya rubuta a littafi. Kuma na gaya masa kada ya shiga da zaton sabuwa ce za ta yi nasara. QUIC ta fi cin ƙarfin inji. Wasu ofisoshi da makarantu katangar tsaronsu na toshe UDP a ƙofa ta 443, a can ba za ta motsa ba sam. A kan layi mai kyau wani lokaci HTTP/2 ce ke gaba.

Iyaye, ga rabonku. Idan kun ga yaro ko yarinya sun kafa wa baƙin allo ido, rubutu na gudu, ba wasa ba ne kuma ba damfara ba ce. Karatu ne irin na almajirin maƙeri a bakin zuga. Kuma yana da amfanin da ya wuce su. An ƙera QUIC ne don layin da ke ɓatar da ƙulli, mai nisa da uwar garke, mai yawan sauye-sauye, wato irin namu. Amma akasarin masu rubuta ta da masu gwada ta suna zaune ne a biranen da wayar gilashi ta shiga har ɗakin kwana. Idan masu curl suka rubuta "gwaji" a kan abu, roƙo suke a gwada a gaya musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon layin Badarawa ko Hayin Banki ko Unguwar Shanu babu mai iya aunawa daga Suwidin.

Saboda haka idan ka ga abin da bai yi daidai ba, kai rahoto a shafin curl da ke GitHub. Ba a tambayar digiri, ba a tambayar ƙasa. Turancinka ko gajere ne ya isa, matuƙar ka kawo abu huɗu: abin da curl ya nuna da ka ba shi babban V, umarnin da ka rubuta harafi da harafi, abin da ka sa ran gani, da abin da ka gani. Ƙara ƙaramin harafin v a umarnin don ya zayyana duk abin da ya wakana, amma kafin ka liƙa, bi layi-layi ka goge kalmar sirri da duk wata lambar shiga da ta fito. Wanda rahotonsa ya kai ga gyara, ana rubuta sunansa a takardar godiya da ke tafiya tare da yadin, kuma sunayen da ke ciki sun kai dubbai.

Ɗan maƙwabcin nawa yanzu littafinsa ya cika shafi shida, ya ja layi ya raba asuba da dare, ya ce idan ya je hutu Zariya zai auna na can ya kwatanta da na nan.

Lokaci ya cimma mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)